Ya girme ni da shekara 28: in amince ko in ja da baya?

"Assalamu alaikum Mma Hajiya. Shekarata 24, ina koyarwa a wata firamaren gwamnati a Asawase, a gidanmu nake zaune a Aboabo. Mahaifinmu ya rasu. Wani Alhaji ɗan kasuwa mai shekara 52 yana nemana da aure. Yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, babbar 'yarsa ta girme ni da shekara biyu. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma bara da mahaifiyata ta kwanta a asibiti shi ya biya kuɗin duka. Ina jin daɗin hira da shi. Mahaifiyata tana so, yayana ya ce ba da yawunsa ba, ƙawayena kuma suna cewa zan auri sa'an babana. Don Allah, tazarar shekaru irin wannan tana hana aure daɗi? In amince ko in ja da baya?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya.

Tambaya biyu kika haɗa wuri ɗaya. Ta farko, ko shekara 28 ɗin nan su da kansu suna ɓata aure. Ta biyu, ko ke ki auri wannan mutumin. Ta farkon zan amsa miki da abin da na gani, domin na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya da karɓar haihuwa a nan Kumasi, kuma tun da na ajiye aiki nake zama a kwamitin sulhun aure na masallacin unguwarmu. Ta biyun kuwa, ban zauna da Alhajin nan ba, ta bakinki kawai na san shi, don haka ba zan yanke miki hukunci a kansa ba. Zan dai nuna miki wuraren da za ki leƙa da idonki.

Abin da na fahimta a shekarun nan shi ne, yawan shekarun ba shi ne ke kawo mata gabanmu suna kuka ba. Abin da ke kawo su abu biyu ne da suke shigowa gidan tare da shekarun. Na ɗaya yana nan tun ranar ɗaurin aure: shi ke da kuɗi, shi ke da mutane, shi aka saba sauraro, ita kuma ta shigo a matsayin yarinya. Na biyu sai bayan shekara goma sha biyar ko ashirin yake bayyana: ƙarfinsa yana ƙarewa a lokacin da nata yake kan ganiyarsa, kuma yara ba su gama makaranta ba. Matar da ta shirya wa waɗannan biyun, na ga ta ji daɗin aurenta. Wadda ta shiga da ido rufe, na ga ta sha wuya ko da mijin mutumin kirki ne.

Abin da addini da doka suka ce

Musulunci bai sa iyaka ga tazarar shekaru tsakanin miji da mata ba. Sanannen labari shi ne Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam yana da shekara 25 ya auri Nana Khadija tana da 40, kuma bai yi mata kishiya ba har ta koma ga Allah. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, dacewar da ake dubawa tsakanin ma'aurata ita ce ta addini da kuɓuta daga cututtukan da ke hana zaman aure. Ba a lissafa shekaru a ciki ba. To amma kada wani ya ce miki addini bai san da zancen ba. Imam Nasa'i ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar kowannensu ya nemi auren Nana Faɗimatu, Annabi ya ce yarinya ce ƙarama, da Sayyidina Ali ya nema sai ya ba shi. Nasa'i ya kawo wannan hadisi ne a babin auren mace da wanda shekarunsu suka yi kusa. Akwai kuma hadisin Jabir a Bukhari da Muslim, inda Annabi ya tambaye shi don me bai auri wadda za su riƙa wasa da dariya da juna ba. Wato wasa da raha tsakanin miji da mata abu ne da addini ya ba shi daraja. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Game da yayanki: tun da mahaifinku ya rasu, idan bai bar wa wani wasiyyar aurar da ke ba, shi yayan naki ne waliyyinki, yana gaba da baffa a jerin Malikiyya. Ba shi da ikon tilasta miki kowa, kuma ba shi da ikon hana ki wanda ya dace ba tare da dalili ba. Amma "ba da yawuna ba" ɗin da ya faɗa ba maganar da za a tsallake ba ce. Maza suna jin labarin maza a wurin shan ataya da bakin kasuwa, labarin da ba ya isowa ɗakin mata. Ki same shi ku biyu, ba a gaban Mma ba, ki ce, "Yaya, faɗa min abin da ka sani." Idan kunya ce kawai yake ji a ce surukinsa ya haife shi, wannan za ta wuce. Idan kuma akwai labarin auri-saki, ko bashi, ko yadda mutumin yake riƙe da iyalinsa, gara ki ji yau.

Ta fuskar dokar ƙasa ba ki da matsala. Dokar Yara ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure a Gana, kuma ta hana a yi wa yaro ko yarinya baiko ko a karɓi kuɗin aurensu bisa tilas. Kin tuna yadda ƙasar nan ta ɗauki zafi a Maris na 2024, da aka ga bikin wani jagoran addinin gargajiya mai shekara 63 da wata yarinya ƙarama a Nungua, can wajen Ankara, har 'yan sanda suka shiga maganar. Na kawo wannan ne don kada wani ya karanta amsata ya ɗauke ta hujjar cire yarinya daga makaranta a kai ta gidan tsoho. Na karɓi haihuwar 'yan shekara goma sha biyar, na san abin da doguwar naƙuda take yi wa ƙugun da bai gama ƙosawa ba. Duk abin da zan faɗa nan gaba, da babbar mace nake, mai aikinta da hankalinta.

Kuma kada maganar ƙawayenki ta dame ki fiye da kima. Su ma sun san halin da ake ciki a zongo. Saurayi sa'anki, sai ya tara kuɗin ɗaki na shekara biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya wata shida ta ce, sai lefe, sai sadaki, sai walima, alhali wataƙila pragya yake ja, wato keken haya mai ƙafa uku, ko yana koyon aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai. Da yawa ba sa iya ɗaura aure sai sun haura talatin da biyar, wasu kuma sun bi hanyar Libiya. Shi ya sa idan mai hali ya yi sallama, iyaye mata suke ganin Allah ne ya kawo ɗauki. Mahaifiyarki ba ta yi laifi ba da ta so miki hutu. Ita ta san abin da rashi yake nufi.

Lissafin da ba a son yi ranar lalle

Ɗauko takarda mu yi shi tare. Yau kina 24, yana 52. A ce baɗi kin haihu: kina 25, yana 53. Ranar da yaron nan zai gama sakandare yana shekara 18, ubansa yana da 71, ke kina da 43. A ce autanki ya zo kina 33, shi yana 61. Ranar da autan zai nemi kuɗin jami'a, ubansa yana da 79. Ranar da za ki cika 40, shekarun da mace take jin ta san kanta, ta san abin da take so, shi yana da 68.

Rai a hannun Allah yake. Na ga saurayi ɗan talatin ya fita da safe a babur bai dawo ba, na ga tsoho ɗan tamanin yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Amma mai hankali yana shiri ne a kan abin da ya fi faruwa, kuma abin da ya fi faruwa shi ne za ki yi jinya, za ki yi takaba da sauran ƙuruciyarki, kuma wataƙila ke za ki ƙarasa tarbiyyar yaran ke kaɗai. Daga shekara hamsin zuwa sama ne hawan jini da ciwon sukari suka fi kama mazajenmu, kuma yawancinsu ba sa zuwa awo sai ranar da baki ya karkace ko hannu ya ƙi ɗaguwa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tambayar da za ki yi wa zuciyarki ita ce: mutumin nan, idan ya kwanta, zan iya juya shi, in wanke shi, in ba shi koko a baki, ba tare da ina jin an cuce ni ba?

Akwai wadda nake tunawa duk lokacin da aka yi min irin tambayarki. Mijinta ya girme ta da shekara ashirin da biyar, fataucin goro yake yi zuwa Najeriya. Tun tana amarya ya saya mata keken ɗinki, daga baya ya kama mata shago, ya ce da sunanta za a rubuta. Da ɓarin jikinsa ya shanye, na riƙa zuwa duba shi. Wata safiya na tarar da ita ta zaunar da shi a tsakar gida a kan kujerar roba, ta yafa masa tawul a wuya tana yi masa aski, tana ba shi labarin wata mai ɗinki da ta kawo yadi ɗaya tana son riga uku. Bakinsa ba ya fitar da magana sosai, amma kafaɗarsa tana rawa don dariya. Da ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Mma, shi ya tsayar da ni da ƙafata, yanzu ni ce ƙafarsa." Shekara shida ta yi a haka. Kuɗin magani daga shagon nan ya riƙa fitowa. Wannan aure ne mai tazara, kuma ban ga auren sa'anni da yawa da suka kai shi daɗi ba.

Sai maganar shimfiɗa, wadda kunya take sa a tsallake, ni kuma aikina bai bar ni in tsallake ba. Namiji yana iya haihuwa har cikin tsufa, amma ƙarfinsa yana raguwa, kuma ciwon sukari da hawan jini da wasu magungunansu suna ƙara rage shi. Mace kuwa a shekarunta na talatin zuwa arba'in buƙatarta tana nan daram. Mata da yawa sun zauna a gabanmu suna kewaye-kewaye, "ba ya kula ni", "ya daina hira", sai an kaɗaita da su ake gane inda ciwon yake. Haƙƙinki ne a addini, ba rashin kunya ba ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dattijon da ya yi amarya ya koma shan magungunan ƙarfin maza na tasha da na kwalba. Wasu ana zuba musu maganin bature a ɓoye, kuma ga mai ciwon zuciya da yake shan wasu ƙwayoyi, haɗin yana iya faɗar da jininsa farat ɗaya. Wannan matsala likita ake kai wa, kuma sau da yawa tana da magani.

Don haka kafin a sa rana, ku je gwaji ku biyu: sikila, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, shi kuma a ƙara masa da awon jini da na sukari. A nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995 a asibitin Komfo Anokye, ba baƙon abu ba ne a garin nan. Kada ki yarda da "ai ina da 'ya'ya biyar lafiyayyu". Idan uwargidansa AA ce, shi yana iya zama AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, bai sani ba, idan ke ma AS ce, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Ki lura da fuskarsa lokacin da kika kawo zancen gwajin. Yadda zai karɓe shi zai gaya miki abu da yawa.

Kuɗin asibitin nan

A cikin saƙonki duka, layin da ya fi tsaya min a rai shi ne na kuɗin asibitin mahaifiyarki. Allah ya saka masa da alheri, ya yi abin kirki. Amma 'yata, ki zauna ke kaɗai bayan sallar dare ki tambayi kanki: da bai biya kuɗin nan ba, da zan so shi? Kin ce kina jin daɗin hira da shi, kin ce ba ya ɗaga murya. Ba ki ce kina sonsa ba. Wataƙila kunya ce ta hana ki rubutawa, wataƙila kuma ba ki tabbatar ba. Godiya da soyayya suna kama da juna a farko, sai an shiga ɗaki an rufe ƙofa ake bambance su. Idan nauyin alherin ne yake jan ki, bashi ne, kuma bashi da kuɗi ake biyansa, ko da kaɗan-kaɗan ne daga albashi, ko da addu'a idan ya ce ya yafe. Ba a biyansa da rayuwa.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ki yi wata biyu ba ki karɓi komai daga hannunsa ba, ko kuɗin MoMo da ake turawa ta waya, ko atamfa, ko kuɗin mota. Ki faɗa masa cikin ladabi cewa kina son ki yi tunani da zuciya sakayau. Ki ga ko har yanzu kina ɗokin jin sallamarsa. Ki ga shi kuma ko zai girmama wannan, ko zai bi ta wajen Mma ya ƙara yawan aike.

Sannan ki gwada ce masa a'a a ƙaramin abu. Ya ce zai zo ranar Asabar, ki ce kina da taron makaranta, sai Lahadi. Ya faɗi ra'ayinsa a kan wani abu, ki ce ke ba haka kike gani ba, ki kawo dalilinki. Mutumin da ya shekara talatin yana ba da umarni a shago da gida, yaransa suna durƙusa masa, bai saba jin a'a daga mai shekarun 'yarsa ba. Wani zai yi murmushi ya saurare ki. Wani zai ce, "Ke yarinya ce, me kika sani?" Gaskiya ne abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma matar aure ba 'ya ba ce. Idan a wajensa kullum shi ne malam ke ce ɗaliba, wasa da dariyar da hadisin Jabir ya ambata ba za su samu wurin zama ba. Rashin ɗaga murya hali ne mai kyau, sai dai na san maza masu sanyin murya da ba a taɓa tsallake maganarsu a gidansu. Ki bincika wanne ne naki.

Kishi ma yana zuwa ta nan. Dattijon da ya auri yarinya, idan bai yarda da kansa ba, yakan fara ganin kowane saurayi a matsayin ɓarawo: malamin da kuke aiki tare, mai pragyan da ya sauke ki, ɗan ƙanwar Mma da ya zo gaisuwa. Daga duba waya sai "ki rage fita", daga nan sai "me za ki yi da albashin nan, nawa ne in riƙa ba ki?" Idan aka zo nan, ki tsaya da ƙafarki. Aikin koyarwar nan shi ne gatanki. Da shi kike da albashi a ƙarshen wata, da shi ake tara miki fansho a SSNIT, kuma shi zai riƙe yaranki ranar da kasuwa ta juya ko jiki ya ƙi. Ɗan kasuwa yana iya samun miliyoyi yau, gobara ɗaya ta tashi a kasuwa ta mayar da shi farko, kuma mu mutanen Kumasi mun ga gobarar kasuwa ba sau ɗaya ba. A faɗi maganar aikinki a gaban waliyyinki da nasa da liman, a rubuta. Hadisi ya ce sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka halatta aure da su. Malamai sun yi saɓani a kan yadda irin wannan sharaɗi yake ɗaure miji, don haka ki tambayi limaminku yadda za a tsara lafazin. Ko ba komai, wanda ya yi alkawari a gaban mutane yana jin nauyin karya shi.

Uwargida fa? Ba ki ce komai a kanta ba. Ta sani? Gida ɗaya za ku zauna ko za a kama miki naki? Yadda ya riƙe matar da ta ba shi ƙuruciyarta, ta haifa masa biyar, shi ne hoton yadda zai riƙe ki idan kin kwana biyu. Ki sa wata babbar mace daga danginku ta bincika a hankali: tana cikin wadata? Yana shawara da ita? 'Ya'yansa mata sun yi karatu? Idan yana kushe ta a gabanki don ya faranta miki, wannan ba yabo ba ne gare ki.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yanzu ga wadda ba na son ki zama. Shekararta talatin da huɗu, yara uku, tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goman nan ko rabi ba ta yi ba. Na je mata gaisuwa na tarar da ita a kan tabarma da carbi, ƙaramin yana barci a cinyarta. Muna zaune babban ɗan mijin ya yi sallama, ya girme ta da shekara uku. Bai zauna ba. Daga bakin ƙofa ya ce ya zo karɓar makullin shagon Alabar, wai za a haɗa kayan gado. Ta ce, "Ai Alhaji ya ce shagon na yaran nan ne." Ya ce, "A ina ya rubuta?" Ta dube ni, na dube ta. Ta sa hannu a ƙarƙashin matashi ta ɗauko makullin ta miƙa masa. Mijinta bai taɓa zaginta ba, bai taɓa barinta da yunwa ba. Kullum dai cewa yake yi, "Ki kwantar da hankalinki, na san abin da nake yi," har ranar da ya faɗi a wurin alwala. Gidan da take ciki kuma ashe gidan gado ne na shi da 'yan'uwansa, ba nasa ba ne shi kaɗai.

Ki san rabonki tun yanzu. A rabon Musulunci, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, matan mamaci suna da kashi ɗaya cikin takwas idan yana da 'ya'ya, kuma wannan tumunin shi za ku raba ke da uwargida. Wato ɗaya cikin goma sha shida kowace. Idan abin da ya bari ya kai sidi 160,000, naki 10,000 ne. Yaranki za su ci gadon ubansu daidai da sauran 'ya'yansa, amma su ƙanana ne, manyan su ne suka san inda kaya suke da wanda ake bi bashi. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya, don haka "na bar miki shago" da baki ba ya tsayawa. Abin da yake tsayawa shi ne kyautar da ya yi yana raye da lafiyarsa, kika karɓa ta shiga hannunki, da shaidu da takarda. A Malikiyya, kyautar da ba a karɓa ba har mai kyautar ya kwanta ciwon ajali ko ya rasu, ta koma cikin gado. Shi kuma wajibi ne ya yi adalci, kada ya tauye uwargida da 'ya'yanta don ke. Ba ina koya miki kwaɗayi ba ne. Ina so a yi komai a fili, kowa ya san nasa, don zumuncin yaranku ya tsira.

Dokar gwamnati kuma tana da nata tsarin. Dokar gadon wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, ta 1985, wadda ake kira PNDC 111, ta ba mata da 'ya'ya kayan ɗaki da gida guda, sauran dukiyar kuma mata suna da uku cikin goma sha shida, 'ya'ya tara cikin goma sha shida, ragowar na iyaye da dangi. Dukiyar da mutum ya tara da kansa take shafa, ba ta taɓa gidan dangi. Yawancinmu a zongo wajen malamai muke zuwa a raba bisa shari'a, amma idan rigima ta kai kotu, abu na farko da za a nema shi ne shaidar cewa ke matarsa ce. Dokar rajistar auren Musulmi, wadda take nan tun 1907, ta ce a yi rajista cikin mako ɗaya da ɗaurin aure, da ango da waliyyi da shaidu biyu da limamin da yake da lasisi. Mutanenmu kaɗan ne suke yi. Idan makon ya wuce sai an bi ta babbar kotu. Ni ba lauya ba ce, a kan takardun fili da shago ki nemi lauya ko ofishin taimakon shari'a na gwamnati, amma rajistar nan kada ki bari a ce "sai an huce gajiyar biki". Ki tambayi limamin da zai ɗaura tun yanzu ko yana da lasisin.

Na san abin da za ki ce: ta yaya zan dubi dattijo in yi masa zancen mutuwarsa tun ba a kawo lefe ba? Ba ke za ki yi ba. Aikin waliyyi ne, kuma a nan ne ƙin da yayanki yake yi zai zama alheri gare ki. Maimakon ya tsaya a "ba da yawuna ba", ki roƙe shi ya ɗauki baffanku su je su zauna da Alhaji, su tambaye shi a ina za ki zauna, gidan na wane ne, aikinki fa, karatun yaran da za a haifa fa, rajista fa. Mutumin da ya kai 52 yana kasuwanci ya san darajar takarda, ba ya ba da kaya sai da rasit. Idan da gaske yake kuma yana tsoron Allah, zai ji daɗi cewa gidan mutunci ya shigo, wataƙila ma ya riga ya yi wannan tunanin. Idan ya fusata ya ce ana yi masa fatan mutuwa, ko ya ce ba a yarda da shi ba bayan duk abin da ya yi wa gidanku, to kin ji amsar tambayarki daga bakinsa.

Idan ra'ayina kike so, ga shi. Shekara 28 tazara ce babba, ba zan rage miki ita ba. Da 'yar cikina ce, da na fi so mata wanda za su tsufa tare. Amma da ta zo ta ce min, "Mma, na yi lissafin, na daina karɓar kyautarsa wata biyu kuma har yanzu shi nake so, na ce masa a'a ya saurare ni, ya yarda da aikina da gwaji da rajista, uwargidansa tana cikin mutunci," da na sa mata albarka da zuciya ɗaya, na kama mata lallen da hannuna. A yanzu dai, daga abin da kika rubuto, ba ki kai nan ba tukuna. Ki yi istihara, ki faɗa wa Mma cewa kina neman wata uku kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, kuma ki fara da yayanki a wannan makon. Idan maganar ta yi miki nauyi a gaban Mma, ki samo wata babbar mace da take jin maganarta, ku shiga ɗakin tare.